Keke uku: na ɗinki, na turi, da na tsere

Duk wanda ya shigo shagonmu a watan Yuli tsakanin la'asar da magariba ya san ba zai samu hankalina ba, don lokacin ne ake nuna tseren keke na Faransa. Zan amsa sallama, zan karɓi yadi, amma awo sai bayan an idar da sallah. Abokan ciniki sun saba. Wasu ma tun daga bakin ƙofa suke tsokanata: "Tela, yau dutse ake hawa ko a kwance ake?" In na ce dutse ne, sai su ajiye ledarsu su ce za su dawo bayan isha.

Ni haifaffen Fagge ne a Kano, a can na koyi ɗinki. A 2011 Kawu, ƙanin mahaifiyata, ya nema mini igama, wato takardar izinin zama a Saudiyya, na zo Jidda na zauna a shagonsa da ke unguwar Sabil. Shi tun yana saurayi ya zo ƙasar nan, kafin ma a haife ni. Muna ɗinka jallabiya da abaya, amma abin da ya riƙe mu shi ne shadda da atamfa na mutanenmu, masu son ɗinkin gida ko da sun shekara arba'in ba su ga gida ba.

Keke kuwa na san shi tun ina yaro, kamar kowa. Baba yana da Fonis mai kariya. In ya kwanta ƙailula sai in sace shi, in zura ƙafa ta ƙarƙashin ƙarfen tsakiya don ban kai sirdi ba, in zaga layi sau biyu in dawo da shi kafin ya farka. Da babur ya cika gari, keke ya zama abin wanda bai samu ba. A Jidda ma haka na tarar: masu keke su ne yaran baƙala, wato kantin kayan masarufi, masu kai saƙo gida-gida da ma'aikatan shara. Ban taɓa tunanin akwai wanda zai hau shi don ganin dama ba, balle a biya shi miliyoyi.

Shago na uku daga namu na wani mai gyaran keke ne ɗan Eritiriya. Kowa Usta yake ce masa. Mu a wajenmu duk mai irin kamanninsa Bahabashe ne, kuma shekara huɗu muna gaisawa ban taɓa tambayarsa garinsu ba. Yana da wata tsohuwar talabijin a saman kanta, kullum tana kunne babu murya.

Ranar Alhamis 9 ga Yulin 2015, azumi ya shiga goman ƙarshe. Tela ya san abin da wannan ke nufi: ɗinki ya kai rufi, barci sai na zaune, kowa yana zuwa da fushinsa. Saura kamar rabin awa a sha ruwa sai muka ji ihu ya tashi daga wajen Usta, ba na mutum ɗaya ba. Kawu ya ce, "Kai, leƙa ka gani, kada a kashe wani da azumi a baki." Na fita da almakashi a hannu ban ma sani ba. Na tarar da mutum kusan goma sha biyar a shagon da ba ya ɗaukar biyar, suna rungumar juna, wani yana dukan rim da sifana kamar ganga. A talabijin ga wani dogon baƙin saurayi siriri, ana saka masa farar riga mai ɗigo-ɗigon ja irin ta 'yan yara mata.

Na ce, "Usta, lafiya?"

Ya riƙe kafaɗuna ya girgiza ni. "Ya Hausawi, ɗanmu ne! Sarkin dutse!"

Daniel Teklehaimanot ne. A ranar ya karɓi rigar gwanin hawan dutse a gasar Tour de France, baƙar fata na farko daga Afirka da ya taɓa saka ta. Ƙungiyarsa ta Afirka ta Kudu ce, MTN-Qhubeka, MTN ɗin nan dai da muka bar layinta a gida. Kwana huɗu ya yi da rigar kafin Chris Froome ya karɓe. A wajena abin bai wuce kallo ba. Na tambayi Usta ko shi ne ya zo na ɗaya. Ya ce a'a. Na ce to na biyu? Ya ce ko kusa. Na ce, "To ihun na mene ne?" Ya dube ni kamar na zagi iyayensa, ya ce in dawo bayan sallah.

Bayan sallah na koma, don dai in cika alkawari. Ya kwaso notuna ya jera a kan benci ya fara yi mini karatu. Gasar tun 1903 ake yin ta. Tafiya ce ta mako uku, sama da kilomita 3,000, an raba ta gida 21, kullum a tashi daga wani gari a sauka a wani. Ana tara lokacin kowa, wanda nasa ya fi ƙanƙanta shi ke saka riga ruwan ɗorawa. Mai tara maki a gudun ƙarshe yana da koriya, mai hawan dutse mai ɗigo, yaro mafi ƙwazo fara. Ƙungiya kowacce mutum tara a lokacin, daga 2018 aka mayar takwas. Yana ta kawo kalmomin Faransanci da na Italiyanci, ni kuwa abin da nake gani a kan bencin nan labarin kakata ne na fatake masu zuwa Gwanja sayen goro. Ga ayari, ga madugu, ga yaran madugu, ga zango. Tun ranar da waɗannan sunaye nake kiransu, har yarana ma yanzu zango suke cewa.

Shi ya gaya mini yadda keke ya zama jinin mutanensu. Italiyawa ne suka kai shi lokacin mulkin mallaka, suka tafi suka bar shi. Asmara tana kan tudu sama da mita 2,300, yaron da ya tashi yana tuƙi a can huhunsa daban ne. Ya ce a garinsu ranar tsere rufe tituna ake yi, tsofaffin mata su fito suna guɗa. Shi kansa ya yi tsere yana saurayi, kafin rayuwa ta jefo shi Jidda yana yi wa yaran baƙala faci.

Shekara biyu ina kallo a tsaitsaye, in leƙa in dawo. Abin da ya ɗora ni kan sirdi ba sha'awa ba ce, ciwo ne. A 2017 na fara jin ƙishin da ruwa ba ya kashewa, dare ɗaya in tashi fitsari sau biyar, sannan ramin allura ya fara ɓace mini. Wannan na ƙarshen ne ya tsorata ni. Likita ya ce sukari ne, ya rubuta magani, ya ce in rage burodin tamis da shayi mai zaƙi, in riƙa tafiyar ƙafa. Wanda ya san zufar Jidda ya san tafiyar ƙafa a nan hukunci ce. Na yi mako guda na bari. Da Usta ya ji, bai yi mini wa'azi ba. Ranar Juma'a ya ɗauke ni zuwa kasuwar gwanjo ta Haraj Sawarikh, muka yi ta juya tarkace har ya zaro wani keken tsere na alminiyom, kansa a lanƙwashe kamar ƙahon rago, tayoyinsa ba su fi yatsana kauri ba. Riyal 600 muka biya. Ya canza masa kaca da igiyar birki, bai karɓi ko sisi ba.

Sai maganar kaya. Usta ya nuna mini wandon da ake sakawa, na ce a'uzubillahi. Abu ne ya ɗame jiki kamar fatar kalangu, ga shi bai rufe gwiwa ba. Na ce ni da 'ya'yana da surukaina a garin nan ba zan fita da wannan ba. Amma ai tela ne ni. Na samo yadi mai roba na yanka wando mai ɗan sakewa har ƙasan gwiwa, na ciro soson kafaɗar wata tsohuwar kwat na ɗinka a mazauni. Na ji daɗin dabarata ƙwarai. Kuskuren da na yi, na bar ɗinki ya ratsa ta tsakiya. Bayan kilomita ashirin na gane dalilin da ya sa Turawa ba sa barin ɗinki a wurin. Kwana uku a tsaye na yi aikin yanka, Kawu yana tambayata me ya hana ni zama, ina cewa baya ne. Sai a na huɗu na dace. Yanzu akwai dattawa 'yan Sudan da 'yan ƙasa da ke kawo mini aikin irin wandon nan, da riga mai aljihu uku a baya.

Ranar da na fara bin su Usta fita, Juma'a ce bayan asuba. Mu goma sha biyu, daga Kornish, titin bakin teku, muka nufi Abhur da ke arewa. Iskar Jidda yawanci daga arewa take busowa, mai zuwa Abhur kuwa ita yake fuskanta. Na ga sun jeru ɗaya bayan ɗaya, taya na kusan taɓa taya, na gaba ya ja na ɗan lokaci ya kauce ya koma baya. Ni abin ya yi mini kama da lalaci. Ƙato da kai ka laɓe a bayan wani? Na fito gefe ni kaɗai, na danna feda, har na wuce su ina jin kaina. Usta ya kira ni sau biyu, na yi kamar ban ji ba.

Ba mu kai rabin hanya ba ƙafafuna suka zama na wani. Gumi mai sanyi ya karyo mini, hannuna na rawa, titi ya fara yin fari-fari. Suka wuce ni ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya ce uffan. Na tsaya a gefe na kifa kai a kan keke. Can sai ga Usta ya juyo. Ya zaro dabino uku daga aljihun baya ya ce in ci, ya tsaya har idona ya washe. Sannan ya ce, "Ka ga tayata ta baya? Kada ka kalli teku, kada ka kalli mota. Ita za ka kalla. In ta yi nisa da kai fiye da taki ɗaya ka yi magana."

Na bi shi. Abin da na ji a jikina har yau ina tuna shi: kamar ana guguwa wani ya tashi ya rufe taga. Ƙarar da ke kunnena ta ragu, fedar da nake dannawa da dukkan ƙarfina ta koma tana juyawa da kanta. Gudun bai ragu ba, wahalar ce ta koma kan Usta. Ina ganin bayan rigarsa ya jiƙe sharkaf, kafaɗunsa na rangaji. Daga baya na ji cewa wanda ke bayan wani yana tsira da kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa, wanda ke tsakiyar ayari kuwa fiye da haka. Ni dai ba a takarda na koya ba.

Daga ranar kallona ya canza. Da, gaban tsere nake kallo, in jira wanda zai ɗaga hannu. Yanzu sai na koma duba waɗanda ke jan ayari tun rana na tsaka, awa uku, awa huɗu, iska na dukan ƙirjinsu, madugunsu na laɓe a baya yana shan ruwa. In an kusa gari ko an iso gindin dutse sai su kauce, ƙarfi ya ƙare, su lallaɓa su iso bayan an gama raba kyauta. Akwai wani ɗan Beljiyam, Tim Declercq, da ake wa laƙabi da Tarakta saboda wannan aikin. Na fi shekara ina neman sa a allo kafin in damu da wanda ya ci.

Son abin ya taɓa ja mini asara, ba zan ɓoye ba. A 2020 korona ta sa aka ɗage gasar Faransa zuwa ƙarshen Agusta. Ranar Asabar 19 ga Satumba, zango na biyun ƙarshe, kowa shi kaɗai yake tsere da agogo, kilomita 36 da ke ƙarewa a kan dutse. Primoz Roglic yana gaba da daƙiƙa 57, kowa ya gama ba shi kofi. Ɗan ƙasarsu Sloveniya, Tadej Pogacar, yaro ɗan shekara 21, shi ke biye. Na jingina waya da gwangwanin allura a kan teburin yanka, ina yanka shaddar wani alhaji da zai aurar da 'ya. Daƙiƙun nan suka fara narkewa: hamsin, talatin, goma. Lokacin da lissafi ya juye, hular kwanon Roglic ta karkace, fuskarsa ta yi fari fat, ni kuma almakashina yana tafiya shi kaɗai. Da na sauke ido, na yanka wuyan riga a inda ya kamata aljihu ya zauna. Shadda ce mai tsada. Kawu bai ɗaga murya ba. Ya ɗaga yadin ya leƙo ni ta cikin ramin, ya ce, "Wannan na wane zangon ne?" Albashin rabin wata ya tafi, kuma aka kafa doka: waya ba ta ƙara hawa teburin yanka.

Kawu dama bai taɓa ganin hankali a abin ba. Cewa yake, ƙato da gemu ya zauna yana kallon arna suna tuƙa keke. Wani abokin cinikinmu kuma duk zuwansa sai ya ce mini ai duk 'yan ƙwaya ne. Ba na musu da shi sosai. Lance Armstrong ya ci gasar sau bakwai a jere daga 1999 zuwa 2005, a 2012 aka ƙwace duka, daga baya ya amsa da bakinsa. Ni ma wani lokacin in na ga mutum ya hau dutse kamar an ɗaura masa inji, zuciyata takan yi ɗar. Amma ƙwaya ba ta hana faɗuwa a kan kwalta da gudun mota, ba ta kuma hana sanyin ƙanƙara. A Yunin 2023 Gino Mäder ya faɗi a gangaren dutse a gasar Suwizalan, washegari ya rasu, yana da shekara 26. Maiɗakina ta ga hoton a wayata. Da daddare ta ce, "Malam, su dai an ce biyansu ake yi. Kai wa ke biyanka?" Na ce mata sukarina ya sauka, likita ma ya rage mini magani. Ta ce ta ji, amma in ta ƙara ganin na fita ba hular kwano, ita da kanta za ta kai keken Haraj.

Lokacin rusau na 2022 Sabil ta tafi, kamar yadda Karantina da Gulail da sauran tsofaffin unguwanni suka tafi. Maƙwabtan shekara talatin suka watse cikin 'yan makonni. Mu muka samu shago can gabashin titin Haramaini, Usta ya yi kudu. Talabijin ɗinsa ta yi mini nisa, sai na sayi ƙarama na kafa a bango, nesa da teburin yanka. Haka Kawu ya shiga kallon dole.

Wata rana a Yulin shekarar, ana tsananin zafi a Faransa, aka nuno wani ya ja baya daga ayari zuwa motar ƙungiyarsu. Ana miƙo masa gorunan ruwa ta taga yana cusawa a riga, ta wuya, ta baya, ta ƙirji, har ya kumbura kamar mai kayan koli. Sannan ya miƙe tsaye a kan feda ya kutsa cikin ayari yana rarraba wa 'yan uwansa. Kawu ya tsayar da kekensa na ɗinki.

"Wannan shi ma tseren yake?"

Na ce, "Yana ciki, Kawu. Amma ba don ya ci ba. Aikinsa ya kai ruwa, ya tare wa babbansu iska. In tayar babban ta fashe ma, shi zai ba shi kekensa ya tsaya a gefen hanya."

"In babban ya ci fa?"

"Sunan babban za a rubuta."

Ya yi shiru yana kallo. Can ya ce, "Ɗan turi ne ashe."

Na san Kawu ya zauna Makka kafin ya koyi ɗinki, amma bai taɓa ba ni labarin abin da ya yi a can ba sai ranar. Shekara shida yana tura alhazai a keken marasa ƙarfi tsakanin Safa da Marwa. Sau bakwai ake kaiwa da komowa, kusan kilomita uku ke nan, kuma a lokacin aikin hajji yakan yi wa mutum goma a yini. Ya ce akwai ɗan tudu in an doshi Safa, a nan ake gane nauyin mutum. Tsoho na zaune yana addu'a yana kuka, kai kana bayansa kana haki, ƙafarka ta kumbura a kan marmara. In an kai Marwa a karo na bakwai, 'yan uwansa su rungume shi suna yi masa barka, a miƙo maka riyal ɗinka ba tare da an dubi fuskarka ba. Ya ce, "Sa'ayin nasa ne, ai gaskiya ne. Amma ƙafar tawa ce." Ya koma kan ɗinkinsa. Bayan ɗan lokaci, ba tare da ya ɗago ba, ya ce in ƙara murya.

Tun daga nan 'yan turi yake ce musu, kuma su kaɗai yake tambaya. A 2023 wani Ba'amurke, Sepp Kuss, ya yi wa Roglic turi ya ci gasar Italiya a watan Mayu, ya yi wa Jonas Vingegaard turi ya ci ta Faransa a Yuli, sannan a Satumba shi da kansa ya ci ta Sifen, manyan nasa biyu suna biye da shi. Ranar Kawu ya aika aka sayo mana kabsa da kaza. Ya ce ba don keke ba ne, dama yana sha'awarta.

Biniam Girmay kuwa, shi ma ɗan Eritiriya, tun Maris ɗin 2022 Usta ke kirana a waya saboda shi, ranar da ya ci Gent-Wevelgem a Beljiyam. Bayan wata biyu ya ci zango a gasar Italiya, ya hau dandamali zai buɗe kwalbar giyar da ake ba wanda ya ci, murfin ya tashi ya doke shi a ido, dole ya bar gasar. Kawu ya ce da ruwa aka ba shi da bai ga haka ba. Ranar Litinin 1 ga Yulin 2024 na rufe aiki da wuri na tafi har sabon shagon Usta, don zango ne na kwance, kilomita 230 zuwa Turin, irin wanda ake gamawa da gudun rububi. Mu shida ne kawai a wannan karon, sauran rusau ya raba mu. A mita ɗari biyun ƙarshe yaron ya ɓullo ta jikin shinge, ta wata 'yar kafa da ban ga yadda keke zai shige ba. Baƙar fatan Afirka na farko da ya ci zango a gasar. Na zaci za a yi irin ihun 2015. Usta bai yi ihu ba. Ya zauna a kan bokitin da yake gwada tayoyi, ya rufe fuska da tsumman da yake goge baƙin mai. Da ya ɗago duk fuskar ta yi dabbare-dabbare. Girmay ya ƙara cin zango biyu, ya kai koriyar riga har birnin Nis inda aka rufe gasar a shekarar. Na ɗinka wa Usta riga koriya mai aljihu uku. Ba ya fita da ita, ta zama ta rataye a shago.

Duk wannan a allo ne. Ido da ido sau ɗaya na gan su. Tun 2020 ake gasar kwana biyar a ƙasar nan, aka fara a wajen Riyad, daga 2022 aka mayar da ita Al'ula. Da na ce zan je ta 2025, Kawu ya ɓata rai. Ya ce nan ne fa Hijr, ƙasar Samudawa mutanen Annabi Salihu, inda Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana shiga gidajensu sai da kuka. "Kai kuma za ka je kallon keke." Na yi masa alkawarin ba zan shiga wajen kaburburan ba, dutsen da za mu je daban ne. Ya ce Allah ya kiyaye hanya, a taƙaice.

Mu huɗu muka tafi a motar wani abokinmu ɗan Sudan, kekuna a ɗaure a baya. Daren Alhamis muka tashi, muka yi asuba a Madina, muka ci gaba. Tafiyar ta haura kilomita 700. Mutumin Jidda bai san sanyi ba sai ya je can a watan Janairu. Ranar Juma'a ce, 31 ga wata, zango na huɗu, wanda ke hawa dutsen Harrat Uwairid. Muna idar da sallah muka bar mota a ƙasa muka hau kekuna.

Hawan bai fi kilomita uku ba. A talabijin na sha ganinsa, na kuma sha cewa ai gajere ne. Gani ya kori ji. Titin ya miƙe tsaye kamar an jingina tsani da bango. Na sa giya mafi sauƙi, na tashi tsaye, tayar gaba na neman ɗagowa. Ban kai rabi ba na sauka, kafin in faɗi. Usta, mai shekara kusan sittin, ya wuce ni yana lanƙwasa hagu da dama, bai ce komai ba, ni ma ban so ya ce ba. Na kama kan keke na fara turawa, takalmina na zamewa. Kilomita ukun Kawu suka faɗo mini a rai, ni da nake tura keken da ba kowa a kai.

Muka samu wata kwana muka tsaya. Sama baƙaƙen duwatsu ne na tsohon aman wuta, ƙasa kuwa kwari ne ja da gonakin dabino. Mutane ba su da yawa, ba kamar Faransa ba inda ake rufe hanya da jiki. Mun fi awa biyu muna jira, iska na kaɗa mu. Jirgi mai saukar ungulu muka fara ji, sai babura, sai motoci masu jiniya. Sai ga Tom Pidcock na Ingila a gaba, da koriyar riga, don a nan ita ce ta jagora. Ɗan ƙaramin mutum ne, da a shagonmu ne awon yaro zan yi masa. Inda na sauka na tura, shi a zaune ya wuce, bakinsa a buɗe, idonsa bai ga kowa ba. Na ji ƙarar kacarsa da numfashinsa. Kafin in ɗaga waya ya sha kwana. Shi ya ci zangon, washegari ya ci gasar gaba ɗaya.

Abokan tafiyata suka fara haramar sauka. Na ce su dakata.

Bayan mintuna masu yawa, motoci sun wuce, jirgin ya yi nisa, sai ga su nan tafe. Manya-manyan mutane masu faɗin kafaɗa, waɗanda suka ja ayari tun daga Maraya, inda zangon ya tashi, cikin iskar hamada. Gishirin gumi ya yi fari a rigunansu. Ba mai kallonsu sai mu da wani askari. Suna hawa a karkace kamar yadda Usta ya yi, har kana iya tafiya da ƙafa kusa da su. Na ƙarshensu ya zo daidai inda nake, kusa har ina ganin jijiyar wuyansa na bugawa. Larabci ya ɓace mini, Turanci dama babu. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Sannu da aiki! Sannu da aiki, bawan Allah!"

Ya juyo ya dube ni. Ya zaro gorar da ke jikin kekensa ya jefo ta gabana a hankali, ta gangaro ta tsaya a ƙafata. Ko lambar bayansa ban duba ba. Gorar babu komai a ciki sai ɗan ruwa mai ɗumi a ƙasa, bakinta duk shaidar haƙori.

Da muka dawo Jidda na kai ta shago na ɗora a kan kanta, sama da kekena na ɗinki. Kawu ya tambaya ko ta wanda ya ci ce. Na ce a'a, ta ɗan turi ce, na ƙarshe. Ya sauko da ita ya jujjuya, ya matsa ta, ya ga yadda ruwa ke fita siriri ta bakin. Washegari da na shigo na tarar ya cika ta yana yayyafa wa shadda ruwa a teburin guga. Na buɗe baki zan yi magana, ya ce, "Ta fi waccan tsohuwar robar. Miƙo mini hannun rigar can."